Bencin Mutum Uku na Kawu

Na Allah muke, kuma wurinsa za a tattara mu. Kawu dai ya riga mu tafiya. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne hedimasta na ƙarshe a firamaren gwamnati ta layinmu a nan Tudun Wada, wadda aka rufe shekarun baya. Da hantsi ya cika, aka yi masa sallah bayan azahar, muka kai shi makwancinsa ana yayyafi, laka na manne wa takalma.

Jama'a ta zo, ba zan yi ƙarya ba. Inna, wato mahaifiyata, tana zaune a ƙofar ɗakinsa tana maimaita magana ɗaya ga duk matar da ta shigo: "Ko kokonsa bai shanye ba. Ga kofin nan." Matarsa kuwa ba ta ɗaga murya ba, sai dai ta hana kowa taɓa hularsa da ke rataye a ƙusa. A waje maza sun cika tabarmi har bakin kwata. A yi addu'a, a shafa, sai a koma zancen tsadar taki da wanda zai fito takara. Haka zaman makoki yake, ban ga laifin kowa ba.

Ina zagayawa da ruwan sha sai na ji wani baƙo, wanda aka jawo shi gaisuwa bai ma san gidan wa ya zo ba, yana tambayar wani maƙwabcinmu dillalin filaye:

"Wai wane ne ya rasu?"

"Tsohon hedimastan nan mana. Wanda ya kashe makarantar can ta bayan masallaci."

"Af, shi ne? Allah sarki."

"Ai a zamaninsa yara ko sunansu ba sa iya rubutawa. Allah dai ya yafe masa."

Ajiye ruwan na yi don kada in watsa wa wani. Ba a faɗa a gidan mutuwa. Amma ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba an riga an yanka masa sunan da zai bi shi. Bai bar gida na a zo a gani ba, bai bar mota ba. Sunan nan kaɗai gare shi, shi ma ana so a karɓe. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ni kafinta ne a Tudun Jukun, karatuna ya tsaya a tsakiyar sakandare lokacin da mahaifina ya rasu. Abin da idona ya gani zan faɗa, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Wanda bai zauna a bencin Kawu ba bai san makarantar ba. Kowace makaranta tana da benci, amma a tamu ba kai ke zaɓar wurin zama ba. Farkon shekara shi da kansa zai bi aji aji, ya tsaya yana ƙare muku kallo kamar mai cinikin rago, sai ya fara nuni da alli: kai nan, kai nan, kai tsakiya. Mutum uku a benci, maza da maza, mata da mata. Mai ƙwaƙwalwa a dama, mai ƙwaƙwalwa a hagu, wanda kansa ke da nauyi a tsakiya. Kuma ba ya haɗa 'yan gida ɗaya ko 'yan yare ɗaya in yana da yadda zai yi. A wancan lokacin yana da yadda zai yi, don Tudun Wada ta kowa da kowa ce: 'ya'yan ma'aikatan asibiti, 'ya'yan malaman kwaleji, 'ya'yan Ibo masu kantuna, 'ya'yan Yarabawa teloli, 'ya'yan mutanen kudancin jiharmu, ga kuma mu 'ya'yan mahauta da masu faskare da 'yan dako. Ɗan mai mota da ɗan mai wanke motar ƙurar alli ɗaya suke shaƙa.

Ƙarshen zango in an taru ƙarƙashin darbejiya, ba ya kiran na ɗaya da na biyu kamar sauran makarantu. Benci yake kira. Bencin da ɗan tsakiyarsa ya tashi, su ukun ake tafa wa. Bencin da ɗan tsakiyarsa ya faɗi, na dama da na hagu ne za su fito gaban kowa, ko da kuwa su suka fi duk ajin maki. Sai ya sunkuyo ya ce, "Kai ka ci, na gani. To a ina ka baro ɗan'uwanka?"

Ni ɗan tsakiya ne, ba na kunyar faɗa. Zamana ɗan ƙanwarsa bai sa ya matsar da ni gefe ba ko da wasa. Inna ta taɓa yi masa ƙorafi, ya ce mata, "In na sa shi a gefe wa zai koya wa, bango?" A damata ɗan wani likita ne, yaro mai farar safa da ba ta taɓa sanin ƙasa ba. A haguna ɗan wani Ibo mai kantin kayan gini, wanda ya fi ni iya zagi da Hausa. Su biyun nan suka ɗura mini lissafi yadda ake ɗura wa jariri magani, na dama da lallashi, na hagu da ranƙwashi. Da farko ba don suna sona ba ne, tsoron a fito da su gaban darbejiya ne. Son daga baya ya zo. In an tashi tara ƙosanmu a takarda ɗaya. Da Sallah su zo gidanmu cin tuwo, da Kirsimeti uwar na hagu ta aiko da shinkafa da kaza, ta ce a gaya wa Inna Musulmi ne ya yanka.

Ba duk iyaye suka so abin ba. Likitan da kansa ya taɓa zuwa, ya tsaya a ƙofar ofis bai ko zauna ba.

"Malam, karatu na kawo ɗana, ba koyarwa ba."

"Likita, wanda ya koya wa wani ya karanta sau biyu. In ka ga ya ragu, ka cire shi."

Bai cire shi ba, don bai ragu ba. Ni kuma da ake cewa kaina dutse ne, na ci jarrabawar shiga sakandare. A shekarun nan iyaye har kamun ƙafa suke yi a ɗauki 'ya'yansu a makarantarmu. Wannan ma a zamanin Kawu aka yi. Ban ji dillalin filaye ya tuna da shi ba.

Ba na cewa waliyyi ne. Yana da saurin hannu, kunnuwana shaida ne. Yana da taurin kai, bai iya roƙo ba, bai iya gaishe da manya irin gaisuwar da suke so ba. Ko masallacin Juma'a zai tafi sai da guntun alli a aljihun gaba, matarsa ta yi mita har ta gaji, don duk wanki sai ruwan ya koma kamar nono. Ƙararrawar makarantar tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshe, kuma in ya buga ta ya rufe ƙofa, ko malami ne ya makara sai ya tsaya a waje tare da yara.

Da na zama kafinta, duk dogon hutu sai ya aiko in zo in gyara bencina. Ta nan na ga yadda abin ya tafi, don ba rana ɗaya aka wayi gari makarantar ta faɗi ba. Makarantun kuɗi ne suka fara tsirowa kamar ciyawar damina, duk mai gareji da fenti ya zama mai makaranta. Masu albashi suka fara janye nasu. Har malaman da ke koyarwa a ƙarƙashinsa, da safe su sauke 'ya'yansu a wata makarantar sannan su zo su koyar da namu. Sannan duk lokacin da gari ya rikice, sai a dawo hutu a tarar da gurabe: Ibo da sauran baƙi sun koma Sabon Gari ko sun tafi gida ɗungurungum. Ba su yi sallama ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda aka ƙona wa shago ba ya tsayawa neman takardar canjin makaranta. Waɗanda suka rage su ne waɗanda iyayensu ba su da inda za su kai su: marayu, 'yan mata masu talla, da 'ya'yan mutanen ƙauye da 'yan bindiga suka koro, yaro ya shigo tsakiyar shekara da tsawonsa bai taɓa riƙe fensir ba. Nawa 'ya'yan suna ciki har ƙarshe. Ba don na fi kowa kirki ba, don ba ni da halin makarantar kuɗi ne.

Wata shekara na damata, ɗan likitan nan, ya zo gaishe shi. A lokacin ya zama babban mutum a Kaduna, ya zo da mota da 'ya'yansa a baya, gilas a rufe. Kawu ya leƙa ya dube su, ya ce, "Ba ni aron ɗaya mana. Ina da 'yan tsakiya da ba su da na dama."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Baba, ai zamani ya wuce nan."

"Zamani ba shi da ƙafa," in ji Kawu. "Ku ne kuka tashi."

Bai daina tsara benci ba duk da haka. Zai shiga aji ya duba ya duba, ya ɗauki wanda a zamaninmu ɗan tsakiya ne ya mai da shi na dama, don babu wanda ya fi shi. Masu talla kuwa, da ya ga iyaye sun fi son faranti a kan allo, sai ya ce su zo da farantin. A jere su a ofishinsa, awara da gyaɗa da dafaffiyar masara, ofis ya koma kamar bakin tasha. In an tashi tara su fito su sayar a ƙofa, a koma aji. Malamai suna gunaguni wai ya zubar da mutuncin ofis. Ya ce ofis ba ya cin jarrabawa.

Ina cikin ofishin nan ina gyaran taga ranar da wani sufeto ya zo daga ofishin ilimi. Ba mugun mutum ba ne, har ya gaishe ni. Ya ja kujera kusa, ya sassauta murya.

"Malam, sakamakonka yana ta ƙasa, kuma a sama sakamako suke kallo. Ka yi yadda kowa ke yi mana. Ka tsamo masu dama-dama ka shigar da su jarrabawa, sauran su zauna a gida bana. In ranar ta zo kuma, malamai su ɗan taimaka a allo. Wa zai sani?"

"Yaran za su sani."

"Malam, makarantarka nake ceto."

"An kwashe mini na dama, an kwashe na hagu, an bar ni da 'yan tsakiya zalla. Yanzu kuma ka ce su ma in ɓoye su a gida kamar abin kunya? Yarinyar da ta yi shekaru tana ajiye faranti a ofishin nan, in ce mata ranar jarrabawa ta ɗauki farantinta ta yi gaba? Kowa zai zauna jarrabawar. Wanda ya faɗi ya faɗi da hannunsa, wanda ya ci ya ci da hannunsa."

Sufeto ya miƙe yana kaɗa kai. "Kai ka sani. Na dai gaya maka."

Ya gaya masa kuwa. Kowa ya zauna, akasari suka faɗi. Haka aka yi ta yi shekara bayan shekara. Makarantun da suka ɓoye nasu raunanan suna sama, tamu tana can ƙasa ana nuna ta da baki a taro. Da iskar farkon damina ta yaye kwanon azuzuwan baya, aka ce ba za a kashe kwano a makarantar da ba ta da sakamako ba. Da ruwa ya fara zuba a kan yara, wasu suka daina zuwa. Da suka daina zuwa, aka ce ɗalibai sun yi kaɗan, a haɗe su da wata makarantar da ke tsallaken babban titi ta wajen Gyallesu. Ka ji yadda ake kashe makaranta ba tare da kowa ya ɗauki wuƙa ba. 'Yan matan nan masu faranti yawancinsu ba su taɓa tsallaka titin ba. Can ba mai ajiye musu awara a ofis.

Ranar rufewa shi ya buga ƙarfen da hannunsa, ya tara 'yan yaran da suka rage a ƙarƙashin darbejiya, ya kira benci benci kamar kullum, aka tafa wa waɗanda za a tafa wa. Abu ɗaya ya roƙa a duk rayuwarsa da na sani: a bar masa benci guda. Ni na ɗauko masa a ka har zaurensa. Ko da gangan ya zaɓa ko dace ne, namu ne. Na gane shi da zanen da na hagu ya yi da ƙusa a gefensa. Yanzu in ka bi ta gaban makarantar, shagunan kwano ne suka jingina da katangar, awaki na kwana a ajin da na koyi baƙi da wasali. Wa ya yanka filin shagunan? Ku tambayi dillalai.

Bayan ya bar aiki, a bencin nan yake wuni, kuma a tsakiya yake zama. In tsohon ɗalibi ya zo gaisuwa, ba ya tambayar aiki ko iyali sai ya fara da tasa: "Ina na damarka? Ina na hagunka?" Ya manta sunaye da yawa, amma bai taɓa manta wa ya zauna da wa ba. In ka ce ba ka sani ba, sai ya dube ka irin duban nan na gaban darbejiya, kai da furfurarka ka ji kana neman inda za ka sa hannunka. Mutane da yawa saboda wannan tambayar suka rage zuwa. Ni kaina amsata ɗaya ce kullum: na dama yana Kaduna, na hagu yana Sabon Gari, ba na ganinsu.

A rashin lafiyarsa ta ƙarshe na kai masa autata ta gaishe shi, tana cikin waɗanda aka tura makarantar tsallaken titi. Ya kama hannunta yana mata wasan jika, ya ce, "Amaryata, wa ke damarki a aji?"

Ta ce, "Kaka, ai ba benci. A ƙasa muke zama, kowa inda ya samu."

Ya saki hannunta ya juya fuska bango. Daga ranar ban sake jin ya yi wa kowa tambayar ba.

Ranar sadakar uku an kwana ana ruwa, tabarmi sun jiƙe, sai aka fito da bencin ƙofar zaure. Na zauna, ban ma lura a tsakiya na zauna ba. Can sai ga wani mutum da farin gashi da 'yar riga mai gajeren hannu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban dattawa: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam." Da ya miƙe bai nemi wuri ba, ya zo ya zauna a haguna.

"Ɗan tsakiya," in ji shi. Sai na gane na haguna ne na makaranta.

"Sabon Gari ta koma Makka ke nan, sai mutuwa ke kawo ka?"

"Bar ni, don Allah. Na san abin da zai tambaye ni, ba ni da amsa." Ya share ido da bayan hannu. "Har yanzu bakwai sau takwas na ba ka wahala?"

"Kai har yanzu kana sayar wa mutane jabun fenti?"

Muka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai ya leƙa ta ɗaya gefen nawa. "Ina na dama?"

"Ya aiko direba da buhun shinkafa."

"Shinkafar ce za ta zauna a benci?"

Muna haka sai ga dillalin filaye. Ya ga tabarmi a jiƙe, ya ga gurbi a damata, ya tattare babbar riga zai zauna. Na hagu ya miƙa hannu ta gabana ya dafa wurin.

"Alhaji, akwai mai wurin."

"Ina yake?"

"Bai zo ba. Amma wurinsa ne."

Dillali ya yi dariya ya dubi jama'a. "Au, ku ma 'yan makarantar ne? Allah sarki. Ai Malam mutumin kirki ne, sai dai gaskiya ɗaya ce, shi ya kashe ta da taurin kai."

Na buɗe baki, na hagu ya danne mini gwiwa kamar yadda yake yi in zan ba da amsar banza a aji.

"Alhaji, 'ya'yanka a ina suka yi firamare?"

Dillali ya kau da kai. Na hagu ya ci gaba:

"Nawa ma ba a can suka yi ba. Ni na kwashe nawa, kai ka kwashe naka, mai wurin nan ya kwashe nasa. Duk muka tashi muka bar masa yaran da ba su da wanda za su tambaya. Shi kaɗai ne bai tashi ba. A garinmu da naku duka, wanda ya tsaya jinya har aka cika, ba shi ake kira mai kisa ba."

Can wani tsoho daga ƙarshen tabarma, mai faskare ne a da, ya ce, "Wallahi haka ne." Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Dillali ya shafa a tsaye, ya ce yana da uzuri a Kwangila.

Ban sani ba ko maganar za ta wuce ƙofar zauren nan. Dillali ya fi kafinta yawan masu saurare, kuma ƙarya ta fi gaskiya sauƙin ɗauka. Amma waɗanda ke wurin sun ji, ga shi kuma na rubuta. Duk wanda ya taɓa zama a bencin Kawu, dama ko hagu ko tsakiya, in ya ji an ce shi ya kashe makarantar ya yi shiru, to ya san akwai ranar da za a sake tambayarsa a ina ya baro ɗan'uwansa.

Mun zauna ni da na hagu har aka kira la'asar, mutane na zuwa suna tafiya, wasu a tsaye. Ba mu bar kowa ya zauna a dama ba.

Ya Allah, ka gafarta wa Kawu saurin hannunsa da taurin kansa, ka yalwata masa kabari, ka haskaka shi. Bai taɓa barin yaro shi kaɗai a tsakiya ba. Kai ma kada ka bar shi.